Littattafan Inuwa Tafireta a Wayar Yaya Ila

Duk wanda ya taɓa zama a Kurmin Mashi, ko da ɗan hayar da bai daɗe ba aka watso masa kaya waje, ya san Malam Inuwa Tafireta. Dogo ne siriri, yana tafiya a hankali kamar mai gudun kada ƙasa ta ji ciwo. Sunan Tafireta a wajen aiki ya samo shi. A wata ma'aikatar gwamnati ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga wa manya takardu, har aka kawo kwamfuta, aka tura shi wani lungu kusa da banɗaki, shi da injinsa, suna jiran ritaya tare. Injin ma ya riga shi hutawa.

Mutumin Zariya ne. Wanda ya kawo shi Kaduna shi ne Yaya Ila, ɗan unguwarsu da ya girme shi, wanda ya ba shi tabarma a ɗakinsa, ya sama masa aikin, ya kuma shige gaba wajen nema masa auren Uwani. Tun daga nan Inuwa bai taɓa mallakar sabon abu ya fara morarsa ba sai ya kai wa Ila ya sa albarka. Da ya sayi keke, Ila ne ya fara hawa, ya kuma faɗa kwata da shi. Rediyo, Ila ya fara murɗawa. Agogo sai da ya kwana a hannun Ila. Uwani takan ce ita kaɗai ce sabon abin da ya shigo gidan nan bai biya ta hannun Yaya Ila ba, kuma ko ita ɗin sai da aka tsaya da motar amarya a ƙofar gidansa ya yi addu'a. Ko bayan da Ila ya yi ritaya ya koma Rigachikun yana noman masara, al'adar ba ta canja ba. Kuɗin mota ne kawai ya ƙaru.

Inuwa ba ya zaman majalisa, ba ya kallon ƙwallo, siyasa kuwa in an fara sai ya tuna yana da uzuri. Abu ɗaya yake yi da rayuwarsa in ka cire aiki da masallaci: karanta wa matarsa littafi. Uwani ta sauke Alƙur'ani tun tana yarinya, amma boko ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. To kullum bayan la'asar sai ya fito da kujerarsa gindin gwaibar tsakar gida, ita kuma ta zauna a tabarma da tsintar shinkafa ko gyaran alayyahu, ya buɗe littafi. Ba karatu kawai yake yi ba. In tsohuwa ce ke magana a labarin sai ya maƙale murya, in ɗan sanda ne sai ya kumbura wuya. Uwani kuwa faɗa take yi da mutanen cikin littafin kamar maƙwabtanta ne.

"Malam, koma baya. Me ta ce masa?"

Ya koma.

"Ƙarya take yi. Wallahi ƙarya take yi, kuma shi sakaran zai yarda."

'Ya'yansu a cikin wannan suka tashi, suka watse, wannan Abuja wancan Legas, aka bar tsofaffin biyu da gwaibarsu.

Sai ido ya fara. Da fari ya ɗauka gilashi ne ya tsufa, ya canja. Sannan ya fara tuntuɓe da buta, yana gaisar da mutum bai ga na kusa da shi ba. A asibitin ido aka ce masa hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana ci. Likitar ba ta ɓoye masa ba. Ta ce ganinsa zai riƙa tsukewa daga gefe kamar ana zuge bakin jaka, maganin ɗigawa yana rage gudun abin ne kawai, ba ya tsayar da shi.

"Baba, abin da kake son gani, ka gan shi yanzu."

Da wani ne, da ya ce jikoki, wani kuma ya ce garinsu. Inuwa tunaninsa wajen wata mai tuwo ya tafi. Akwai wani dogon labari da suka daɗe suna bi shi da Uwani, na wata mai sayar da tuwo a tashar jirgin ƙasa, wadda ƙaninta ya hau jirgi bai dawo ba, take tambayar kowane fasinja labarinsa. Kashi-kashi ake fitar da shi. Suna tsakiya aka daina buga shi a takarda, aka ce ragowar sai a waya. Uwani ta daɗe tana mita, ita dai a gaya mata ko yaron nan yana raye. Inuwa ya ƙudurta cewa da bakinsa zai kai ta ƙarshen labarin nan kafin jakar ta rufe.

Da 'yarsu Aziza ta ji batun idon, sai ta aiko masa da tsohuwar babbar wayarta daga Abuja, irin mai faɗin nan da ba a kira da ita sai dai kallo. Uwani ta juya ta gaba da baya ta ce wannan ai faranti ne. Sunan ya bi ta.

Da farantin a hammata ya tafi Kawo, shagon da ya saba sayen littattafai tun yana saurayi. Mai shagon ya rasu, ɗansa Sharhabil ne a ciki, kuma littattafan sun koma can sama kusa da silin, caja da murfin waya sun cinye kanta. Inuwa ya zayyana masa komai, har abin da likita ta ce.

"Baba, ai ka zo gida," in ji Sharhabil. "Takarda ta mutu, sai dai a bi ta da addu'a. Duba nan."

Ya buɗe wani littafi a tasa wayar, ya sa yatsu biyu ya ware. Baƙaƙen suka kumbura kamar an zuba musu yis. Inuwa ya cire gilashi, ya karanta layi guda ba tare da ya matse ido ba. Sai da ya nemi benci ya zauna.

Sharhabil ya ce wani kamfani ne ke da littattafan, shi wakilinsu ne. Kati ake saya kamar na waya, a kankare, a zuba lambar a manhajarsu, littattafai su buɗe. Akwai kati mai ɗauke da ragowar labarin mai tuwo har ƙarshe, haɗe da wasu da dama.

"In na saya sun zama mallakina?"

"Halak malak, Baba. Har jikokinka."

Inuwa ya juye abin da ya daɗe yana tarawa. Sharhabil ya sa masa manhajar a faranti, ya ɗauko tsinke zai kankare katin.

"A'a, bar shi. Akwai yayana a Rigachikun, shi zai fara buɗewa ya sa albarka."

Sharhabil ya ji wannan magana da kunnensa. Ya buɗe baki, sai wata mata ta leƙo tana tambayar caja mai ƙaramin baki, ya juya wajenta. Ya dai ɗaga wa tsohon hannu ya ce a gaida mutan gida.

Tsakiyar damina ce. Inuwa ya tarar da Ila a zaure, ƙafafu duk taɓo, ya dawo daga gona. Aka gaisa, aka sha fura, aka fito da faranti. Faranti ya ce bai san zancen ba. Cajinsa ya ƙare a hanya, wuta kuwa rabon Rigachikun da ita tun shekaranjiya.

"To mene ne abin damuwa?" in ji Ila. "Ni ma ai na waye. Faruk, zo ka sa mana abin nan a tawa."

Faruk, babban ɗan Ila, malamin firamare ne. Ya karɓi wayar uban ya sauko da manhajar. Ila ya yi bisimilla, ya kankare katin da farcen babban yatsa, Faruk ya zuba lambar. Littattafai suka jeru. Ila ya karanta layin farko da ƙarfi yana tuntuɓe, sannan ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, Allah ya sa a karanta lafiya, Allah ya ƙara hasken ido. Inuwa ya shafa, ya mayar da katin aljihu, ya hau mota yana jin kamar ya sayi fili.

Washegari tun azahar Uwani ta gama aikinta. Har shayi ta dafa, abin da ba ta yi sai da baƙi. Inuwa ya zauna gindin gwaiba, faranti cike da caji, ya zuba lambar da taimakon madubin ƙara girma. Wani rubutu ya fito da Turanci. Turanci kuwa ba baƙonsa ba ne, ya buga shi har yatsunsa sun kanta. An riga an ɗaure wannan lamba da wata na'ura. Ya sake zubawa. Haka dai.

"Malam, ka yi shiru."

"Yana ɗan shiri ne."

Shayin ya huce suna jiran shirin.

Da ya koma Kawo, Sharhabil ko mamaki bai yi ba.

"Ai kulle ne da su, Baba, don kada a riƙa turawa a banza. Wayar da aka fara buɗewa a ciki, nan suke zama. Ga shi ma a rubuce." Ya juya bayan katin. Akwai wasu layuka a ƙasa, ƙanana kamar ƙwan kwarkwata.

Inuwa ya kai katin har hancinsa. Toka-toka kawai yake gani.

"Ɗana, na ce maka idona ne ya kawo ni. Na kuma ce maka wani zai fara buɗewa."

"Na ɗauka a faranti zai buɗe. Ka ga ni ba na shiga harkar gidan mutane." Ya sosa ƙeya. "Amma akwai hanya. Kamfani yana yarda a mayar da su wata wayar, sau ɗaya tak. Sai dai a zo da waccan wayar a hannu, a sake su daga cikinta."

Magana ta zo da sauƙi ke nan: je ka Rigachikun, ka ce Yaya ba ni wayarka, albarkar da ka sa ta cinye min littattafai. Wa zai iya? Inuwa dai bai iya ba. Abin da ya ƙara ɗaure shi, Ila ya kamu da mai tuwo. Shi a tunaninsa kowa na karantawa a tasa wayar, kamar rediyo. Kullum sai ya bugo.

"Inuwa, Allah ya yi maka albarka. Ban san haka karatun nan yake da daɗi ba, da ban ɓata rayuwata a kan masara ba. Ka kai inda ta haɗu da mai duba tikiti?"

"Ban kai ba tukuna, Yaya. Kada ka faɗa min."

"Kai dai akwai nawa. Mai tafireta guda."

Inuwa ya je da niyyar faɗa masa, ba sau ɗaya ba. Sai ya tarar da tsohon a zaure ya kifa kai a kan waya yana dariya shi kaɗai, sai maganar ta koma ciki, a ɓuge da hirar taki. In ya dawo Uwani ta dube shi ta dubi hannunsa.

"Ka faɗa masa?"

"Bari ya gama. Saura kaɗan."

"Idon naka ma saura kaɗan, Malam. Shi ka gaya masa ya jira?"

Ya yi tunanin sayen wani katin. Amma abin da ya tara ya tafi a na farko, fanshon kuwa maganin ido ke tare shi tun a hanya. Aziza ma bai gaya mata ba. Ta ina zai fara, ya ce wa 'yar cikinsa an sayar masa da abu bai san abin da ya saya ba?

Ana cikin girbin masara Ila ya kwanta da zazzaɓi, kafin mako ya zagayo aka kai shi makwanci. Inuwa ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwar mahaifinsa. Sai bayan an share makoki, jama'a sun ragu, ya ja Faruk gefe, yana jin kunyar kansa, ya ba shi labari tun daga farko.

Faruk ya sunkuyar da kai. "Baba, da ka faɗa yana da rai, wallahi da dariya zai yi. Yanzu kuwa wayar tana cikin kayan gado. An kulle ɗaki, makulli na wajen liman. Akwai ƙananan marayu a ciki, ko allura ba a taɓawa sai an raba. Kuma sai ƙanina na Fatakwal ya samu hutu."

Inuwa bai ja ba. Ya san hukuncin, shi da kansa ya sha gaya wa wasu. Ya ce Allah ya kawo shi lafiya.

Na Fatakwal bai samu hutu da wuri ba. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka ɗaga. Jakar idon Inuwa kuwa ba ta jira liman ba. Da fari Inuwa yana ganin Uwani da tabarmarta. Sannan Uwani kawai. Sannan sai ya zaɓa, ko fuskarta ko hannunta. Ya daina fita sai masallacin ƙofar gida, yana bin bango. Bayan la'asar dai bai daina fitowa gindin gwaiba ba, sai su zauna, ita tana tsintar shinkafa, shi yana sauraron ƙarar tsakuwa a faranti na gaske.

Sai da zafi ya shigo aka yi rabon. Wayar ta faɗo a kason Faruk, kuma ranar da ya karɓa, ranar ya ɗauko Inuwa a babur suka tafi Kawo. Sharhabil ya yi 'yan danne-danne, ya ce an sake su, sun fita daga wayar marigayi. Ya karɓi faranti. Manhajar ta ce sai an sabunta ta. Ya danna. Ta yi ta juyi, sannan ta ce wannan na'ura ta tsufa, ba a yi da ita kuma.

"Kash. Ka ga ai sun daina aiki da irin waɗannan. Tun bara suka turo mana sanarwa cewa za su yanke su."

"Tun bara," in ji Inuwa. "Ranar da ka sa min ita a faranti ka sani ke nan."

"Lokacin ai tana yi, Baba. Kuma ba ka tambaya ba."

Faruk ya ce to a mayar da su inda suka fito, ko a ƙaramar waya ne a lallaɓa. Sharhabil ya ce ba a komawa baya, in an saki an saki. Littattafan suna nan lafiya a wajen kamfani, suna jiran sabuwar na'ura. Yana ma da wata mai kyau in ana so.

Inuwa ya laluba ya ɗauki farantinsa.

"Mahaifinka, in littafi ya rasa shafi ɗaya, sai ya buɗe ya nuna min kafin in sa hannu a aljihu. Ni ban taɓa tambayarsa ba."

Sharhabil ya ce Allah ya ji ƙansa, zamani ne ya canja. Wani ya leƙo yana neman murfin waya.

Uwani ce ta gaji da rufin asiri ta kira Aziza ta fasa ƙwai. Aziza ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce a ba ta ƙarshen wata. Ƙarshen watan ya ɗan zarce, amma saƙo ya iso tashar Kawo, sabon faranti a kwalinsa. Inuwa ya riƙe kwalin a cinya ya daɗe bai buɗe ba. Babu wanda za a kai wa.

Faruk ya zo ya haɗa komai. Wannan karon babu gardama, littattafai suka jeru, mai tuwo a sahun gaba. Ya ware baƙaƙen har kalma uku ta cika fuskar, ya ɗora a hannun tsohon.

Inuwa ya kawo shi kusa. Ya nisanta shi. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama, yana neman 'yar ƙofar da ta rage masa. Haske yake gani, fari, kamar an haska masa tocila ta bayan zane.

"Ƙara girman."

"Ya ƙure, Baba."

Faruk ya ce akwai wayoyin da ke karanta rubutu da murya, bari ya gwada. Ya gwada. Manhajar ta ce an toshe wannan, don kare haƙƙin mai littafi. Ya ce to bari a buga shafukan a takarda da manyan baƙaƙe, ko a ɗauki hotonsu. Nan ma a toshe. Komai an yi masa ƙofa an kulle, ɓarawo bai samu shiga ba, mai gida ma haka.

"To kawo in karanta muku," in ji Faruk.

Ya fara. Yaron kirki ne, karatunsa ba gargada, amma mai tuwo da mai duba tikiti da fasinja duk murya ɗaya suke magana, kamar ana sanarwar ɗaurin aure. Bai gama shafi ba Uwani ta miƙe ta ce tukunyarta na ƙonewa. Ba ta ɗora komai a wuta ba. Faruk ya gane, ya yi sallama ya tafi.

Da la'asar ta yi sanyi ta dawo, ta jawo tabarmarta har jikin kujerarsa, ta karɓi farantin ta ɗora a gwiwarsa yadda za ta gani.

"Ga su nan fa, Malam. Manya-manya, baƙaƙe wuluk. Ko daga ƙofar gida zan hango su."

"Me kika gani a farko?"

"Wani kamar maciji ya lanƙwashe."

"Sai me?"

"Wani mai tumbi da 'yar jela. Sai wani tsaye siriri, da ɗigo a kansa kamar ya ɗauko tallan goro."

Ya haɗa baƙaƙen a ransa. "Sai," in ji shi. Ya gyara murya, ya faɗe ta yadda yake buɗe labari a da, da ja da nauyi. "Sai…"

"Sai me?"

"Ke za ki gaya min."

Ta sunkuya a kan na gaba. Wannan ya fi wuya, ta ce kamar kujera, ya ce wace irin kujera, ta ce mai ƙafa ɗaya, ya ce babu irin wannan, ta ce to ita ta ƙera shi? Suna cikin haka fuskar farantin ta dushe ta mutu don an daɗe ba a taɓa ta ba, Uwani kuwa ba ta san inda ake dannawa ba. Shi bai ma san ta mutu ba, yana ta jira.

Ladan ya kira magariba. Ta zare farantin daga gwiwarsa, ta kife shi a kan tabarma.

"Malam, a ganinka yaron nan yana raye?"

"Yaya Ila ne ya sani," in ji shi. Ya miƙa hannu yana neman bango.